Kifin Wa Ake Kamawa a Dam Ɗin Zobe?

Duk wanda ya shiga kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi, ya ratsa ta wajen masu sayar da kifi, zai tarar da kaya iri biyu suna gogayya da juna. Ga karfasa da tarwaɗa da kurungu waɗanda masunta suka fito da su daga dam ɗin Zobe, ga kuma kifin ƙanƙara, musamman taitus, wanda ya baro arewacin Tekun Atlantika, ya yi makonni cikin jirgin ruwa, ya sauka a Legas, sa'an nan ya ƙara tafiyar wajen kilomita 1,000 a mota kafin ya faɗa tukunyar miya. Mai saye ba ya tambayar komai sai kuɗi da ko kifin bai kwana ba. To amma akwai wata tambaya wadda masana kifin teku suka yi fiye da shekara 100 suna fama da ita, kuma ita ce ke yanke hukuncin ko kifin nan biyu za su ci gaba da zuwa kasuwa ko za su yanke. Tambayar ita ce: wannan kifi da aka kama, ɗan wane gida ne?

Ba wai sunansa ake tambaya ba. Suna sananne ne. Abin da ake nufi zai fi fitowa fili in an dubi garke da gona. Duk Bafulatani ya san saniya saniya ce, amma bunaji daban, rahaji daban, gudali daban, kuma kowacce da irin juriyarta ga yunwa da tafiya da cuta. Manomin Kurfi ba ya ɗaukar ƙaura da farafara a matsayin abu guda don kawai dukkansu dawa ce. Haka abin yake a cikin ruwa. Jinsin kifi guda yakan rabu gida-gida: kowane gida da wurin da yake zuba ƙwai, da lokacin da yake yi, da saurin girmansa, kuma galibi 'ya'yan gida suna komawa su hayayyafa ne a inda iyayensu suka hayayyafa. Irin wannan gida shi za a kira tsatso a cikin wannan rubutu. Ra'ayin da ake son kafawa a nan kuwa shi ne, ba a iya tattalin kifi da sunan jinsi, sai da sanin tsatso; kuma duk dokar su da aka kafa, ko 'ya'yan kifi da aka zuba a Zobe ba tare da wannan sani ba, harbi ne cikin duhu.

Yadda aka gano a teku

Har cikin ƙarni na 19 mutane da yawa a Turai sun yi imani cewa kifin herin, wanda 'yan kasuwa a nan ke kira shawa, runduna guda ce mai girman gaske da ke zaune can ƙurya arewa ƙarƙashin ƙanƙara, tana gangarowa kudu kowace shekara. Wannan imani yana da daɗin ji ga mai kama kifi, domin idan haka ne, ko nawa aka kwasa a gaɓa akwai rumbun da ba ya ƙarewa a bayansa. Wani masani Bajamushe, Friedrich Heincke, shi ya rushe wannan zance. Bai yi amfani da wata na'ura mai tsada ba. Ya zauna ne shekara da shekaru yana auna tsawon kai da na jiki, yana ƙirga gaɓoɓin ƙashin baya na dubban kifaye da aka kamo daga wurare daban-daban, yana fitar da matsakaicin adadi na kowane wuri. A shekarar 1898 ya wallafa sakamakonsa: herin ba runduna guda ba ne, tsatso ne barkatai, wasu na zuba ƙwai a farkon shekara, wasu a ƙarshenta, kowanne da yankinsa. Bambancin da ya gano ƙanƙane ne ƙwarai, sau da yawa bai kai gaɓa guda ba a matsakaicin lissafi, ta yadda ba a iya ganinsa a jikin kifi ɗaya, sai an tara ɗaruruwa. Ɗalibin da ke ganin darasin fitar da matsakaici ɓata lokaci ne, ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani.

Shekara huɗu bayan haka, a 1902, ƙasashen arewacin Turai suka kafa majalisar binciken teku a birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak, wadda har yanzu ita ke ba su shawara kan adadin kifin da za a kama daga kowane tsatso. A 1914 kuma Johan Hjort na ƙasar Nowe ya nuna, ta hanyar karanta zobban da ke jikin ɓawon kifi, cewa herin da aka ƙyanƙyashe a shekara guda tak, wato 1904, shi ya riƙe kamun ƙasarsa shekaru masu yawa. Ashe yalwar kifi ba daga wani rumbun ɓoye take zuwa ba, daga sa'ar ƙyanƙyasar wani tsatso ne a wata shekara.

Sanin abu daban, aiki da shi daban. Herin na kudancin Tekun Arewa, wanda ke zuba ƙwai da sanyi kusa da mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa, shi ya fara durƙushewa tun a shekarun 1950, alhali jimillar kamun teku tana nuna kamar ba abin da ya faru, domin jirage sun koma kan sauran tsatson. Ɗaya bayan ɗaya suka bi sahu, har aka rufe sun herin a Tekun Arewa a 1977, ba a fara sassautawa ba sai a farkon shekarun 1980.

Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ya sami kifin kod a gabashin Kanada, kusa da tsibirin Niyufanlan. A shekarar 1968 kaɗai an kwashi fiye da tan 800,000 na kod ɗin arewacin wannan yanki. Hukuma tana lissafa kifin wannan babban fili a matsayin abu guda, ko da yake a cikinsa akwai masu hayayyafa can tsakiyar teku, akwai kuma na cikin lungunan gaɓa. Masunta masu ƙananan jirage sun daɗe suna kukan cewa kifi ya ragu kuma ya ƙanƙance, amma manyan jirage suna ta dawowa cike, saboda ragowar kifin yana cunkushewa wuri guda, su kuwa suna da na'urorin gano shi. Aka gaskata manyan jirage. A watan Yuli na 1992 ministan kifi na lokacin, John Crosbie, ya ba da sanarwar dakatar da kamun na shekara biyu. Mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi a lokaci guda. Shekara biyun nan ta zama 32, don sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma da tan 18,000 kacal.

Lissafin da ke ɓoye ɓarna

Me ya sa tsatso zai ƙare ido na gani ba a lura ba? Ga misali na ƙirƙira wanda za a iya yi a allo. A ɗauka cewa a cikin wani tafki akwai tarwaɗa tsatso biyu waɗanda ido ba ya bambancewa. Na farko guda 8,000 ne, yana ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari kowace shekara. Na biyu guda 2,000 ne, mai jinkirin girma, yana ƙaruwa da kashi 15 cikin ɗari. Sai hukuma ta ce a riƙa kama rubu'in kifin tafkin duk shekara, koma kuwa ba ta zaɓe, tana ɗibar rubu'i daga kowanne. Bayan shekara goma na farko ya haura 13,000, na biyu kuwa bai kai 500 ba. Jimilla ta tashi daga 10,000 zuwa wajen 13,500. Jami'in da ke duba jimilla zai rubuta rahoton cewa kifi na ƙaruwa, kuma bai yi ƙarya ba, alhali gida guda ya kusa shafewa.

Wani zai ce, to ina asarar, tunda kifin ya ƙaru? Asarar tana bayyana ne ranar da yanayi ya juya. Mai yiwuwa wannan ƙaramin tsatso shi ne mai jure ƙarancin ruwa a shekarar fari, ko mai zuba ƙwai a makare idan damina ta yi jinkiri. Dalilin da ya sa manomi ke haɗa gero da maiwa da dawa da wake a gona guda ke nan, don ya san ba kullum ake kwana a gado ba. An gwada wannan da alƙaluma a mashigin Biristol da ke jihar Alaska ta Amurka, inda kifin samon ke da ɗaruruwan tsatso, kowanne da raginsa. Binciken da Daniel Schindler da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, bisa bayanan shekara kusan 50, ya nuna cewa da a ce kifin tsatso guda ne, da hawa da saukar yawansa daga shekara zuwa shekara ya ninka fiye da sau biyu. Shekarar da wannan rafi ya gaza, wancan ya rufa asiri.

Hanyoyin rarrabe tsatso sun ƙaru tun zamanin Heincke. Ƙirga da awo suna nan, sai dai an gano cewa zafin ruwan da ƙwai ya ƙyanƙyashe a ciki yana iya canza yawan gaɓoɓin ƙashin baya, saboda haka ba a dogara da su su kaɗai. A cikin kan kifi akwai wata 'yar farar tsakuwa da ke taimaka masa wajen ji da daidaita jiki, ana iya kiranta tsakuwar kunne. Tana girma zobe-zobe kamar kututturen itace, tana kuma riƙe sinadaran ruwan da kifin ya zauna a ciki, kamar dai littafin tafiyarsa. Ana kuma maƙala wa kifi lamba a sake shi, a jira inda za a sake kama shi. Hatta tsutsotsin da ke jikinsa shaida ne, don wasu ba a samun su sai a wani ruwa. Sai kuma babbar hanya ta wannan zamani, wato binciken ƙwayoyin gado, inda ɗan guntun fiffike da bai kai farce ba ya isa a san dangantakar kifi da 'yan uwansa.

A tsibiran Lofoten na ƙasar Nowe, inda ake shanya busasshen kod ɗin nan da Nijeriya ke cikin manyan masu sayensa, an haɗa waɗannan hanyoyi a aikace. Kod iri biyu ke haɗuwa a can lokacin zuba ƙwai: mai yawa wanda ke yin doguwar tafiya daga Tekun Barents, da kuma na gaɓa wanda ba ya nisa da gida, shi ne kuma ya yi ƙaranci. Tun 1933 Gunnar Rollefsen ya nuna cewa tsakuwar kunnensu ta bambanta. Daga 2007 aka shiga gwada ƙwayoyin gadon kifin da ake kamawa a tsakiyar lokacin su, idan aka ga na gaɓa ya yi yawa cikin kamu a wani yanki sai a taƙaita su a wurin. Ba a hana masunta sana'arsu ba, an dai karkatar da su zuwa ga tsatson da zai iya ɗaukar nauyi.

Shi kuwa taitus ɗin kasuwar Dutsin-Ma, darasinsa na dabam ne. An san shi sarai, an san inda yake zuba ƙwai da hanyar ƙaurarsa. Amma da ya faɗaɗa yawonsa zuwa ruwan ƙasar Aislan, sai rigima ta tashi tun wajen 2010 tsakanin Aislan da tsibiran Faro da Nowe da Tarayyar Turai kan rabon kamu. Aka wayi gari kowa na yanka wa kansa kaso, jimillar kason kuma ta yi ta wuce shawarar masana shekara bayan shekara, har a 2025 majalisar nan ta Kofanhegan ta ba da shawarar a rage kamun shekara mai biyo baya da kusan kashi 70 cikin ɗari. Idan tsatso guda ne masu cinsa da yawa, sanin kimiyya bai wadatar ba sai da yarjejeniya. Uwargidan da ta ga kuɗin taitus ya tashi a Kurfi za ta ɗora laifin a kan canjin dala, tana da gaskiya, amma akwai hannun wannan rigima a ciki.

A dawo gida

Dutsin-Ma ta fi kilomita 700 nesa da teku, amma ka'idar ba ta san gishiri ba. An kammala dam ɗin Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari: bango ne na ƙasa mai tsayin mita 19 da tsawon kusan kilomita uku, yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Don noman rani da ruwan sha aka gina shi, kifi ya zo a matsayin gyara, amma gyaran nan shi ke ciyar da gidaje da dama a Makera da Garhi da sauran ƙauyukan bakin ruwa.

Kafin a gina bangon, ruwan Karaduwa yakan gangara da damina ya bi ta Bunsuru ya shiga Rima, daga nan zuwa kogin Sakkwato, har ya faɗa Kwara. Kifi kuma yakan hauro ta wannan hanya idan ruwa ya kawo. Bango ya yanke wannan zumunci. Kifi na iya bin ambaliya ya faɗa ƙasa, amma ba ya iya hawowa. Haka aka datse Rima a Goronyo, aka datse kogin Sakkwato a Bakolori, aka datse Gada a Jibiya, wanda shi ruwansa sai ya ratsa ta ƙasar Maraɗi kafin ya dawo ya sadu da Rima. Shekara 40 da 'yan kai ba ta isa a ce kifin Zobe ya zama wata sabuwar halitta ba, kada a yi zuƙu. Amma ta fuskar tattali maganar ta ƙare: abin da ke cikin Zobe shi ke nan, idan aka cinye iyaye babu wani rumbu a Goronyo da zai aiko da canji. Kowane dam tsatsonsa daban, lissafinsa daban.

Tun ma kafin a kai ga tsatso, suna yana ruɗarwa. Abin da ake kira karfasa a ruwayen arewacin Nijeriya ya ƙunshi aƙalla jinsi uku. Akwai mai ratsin layuka a tsaye a jikin wutsiya, wadda macen ke ɗauke ƙwai a bakinta har ya ƙyanƙyashe. Akwai fara-fara wadda uwa da uba duka ke riƙon ƙwan a baki. Akwai kuma mai jan ciki, wadda ke zuba ƙwanta a ƙasan ruwa kusa da gaɓa, iyayen biyu su tsaya gadi. Idan aka ɗaga murfin kunnen kifin, a jikin jan naman da yake numfashi da shi akwai 'yan haƙora kamar na mataji: na mai ratsin wutsiya sun kai 20 ko fiye a ɓangaren ƙasa na layin farko, na mai jan ciki kuwa ba su cika wuce 12 ba. Taru da aka ja ta bakin gaɓa yana rushe gidan mai jan ciki, koma da ta kama uwa mai ƙwai a baki kuwa ta kashe ɗaruruwa a kamu guda. Rajistar da ta rubuta "karfasa, kwando goma" ba ta faɗi komai game da wace ce ke ƙarewa ba.

Sai maganar lokaci. Tarwaɗa tana jiran ruwan farko mai ƙarfi ne, idan rafuka suka kawo sai ta haura cikin ciyawar da ruwa ya shanye ta zuba ƙwai da dare, a daidai lokacin da ta fi sauƙin kamu ke nan, har da hannu ana damƙe ta. Damina a tsakiyar Katsina ba ta kankama sai wajen watan Yuni ko Yuli, alhali a kudancin ƙasar ta riga ta yi nisa. Dokar hana su ta wani lokaci abu ce mai kyau, Ghana ma ta yi aiki da ita a tekunta a 2019, amma idan aka kwafo watanninta daga wani wuri aka liƙa wa Zobe, za a hana masunta abinci a watan da kifi ba ya hayayyafa, a sake su a watan da yake yi. Kuma tambaya ce ta gaske ko tarwaɗar da ke haura wannan rafi ita ce mai haura wancan, ko kowane rafi da nasa. Idan kowane rafi da nasa ne, to gura da aka datse bakin rafi guda da ita shekara uku a jere ta isa ta share gida guda.

Abin da ya fi bukatar a yi hattara da shi shi ne zuba 'ya'yan kifi. Duk lokacin da kamu ya ragu a wani dam, maganin da ya fi saurin zuwa bakin mahukunta shi ne a sayo 'ya'yan kifi daga wurin ƙyanƙyasa a juye, a ɗauki hoto, a watse. Niyyar mai kyau ce. To amma a dubi yadda ake samar da su. Macen tarwaɗa guda tana ba da ƙwai dubu goma-goma, ana yi mata allura a tatse ƙwan, a yanka namiji guda ko biyu a ɗebi maniyyinsa a gauraya. Ke nan 'ya'yan kifi 50,000 suna iya kasancewa duk uwa ɗaya uba ɗaya. Bugu da ƙari, yawancin tarwaɗar kiwo a Nijeriya tana da jinin irin da aka inganta a ƙasar Holan don saurin girma a cikin kwatami da abincin buhu, wasu kuma ruwa-biyu ne tsakanin tarwaɗa da ramboshi. Kifi ne mai kyau ga mai kiwo, babu ja. Amma bai san zafin watan Afrilu a ruwan da ya ja baya ba, bai san sanyin hunturun Katsina ba. Idan ya barbari na gida, halayen da ƙasa ta tace cikin dubban shekaru sai su tsarma, kuma abin da ya gauraya a ruwa ba ya tsintuwa. Nowe, da duk kuɗinta da iliminta, ta ga haka a kogunanta da dama, inda samon ɗin kiwo da ya tsere ya cakuɗa jini da na dawa. Ita kuwa tarwaɗa ko jiran a zuba ta ba ta yi: tana shaƙar iska, tana jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kwatamin kiwo da aka haƙa a bakin rafi ambaliya guda ta ishe shi.

Ba ana cewa kada a zuba kifi har abada ba ne. Idan bukata ta tabbata, a ɗebo iyaye daga cikin Zobe kanta, masu yawa, maza da mata, a ƙyanƙyashe 'ya'yansu a mayar. Ya fi wahala, ya fi jinkiri, kuma ba ya yi wa ɗan kwangila daɗi. Abin tunawa ne cewa karfasar nan da aka inganta a ƙasar Filifin daga 1988, wadda yanzu ake kiwonta a ƙasashe da yawa, an gina ta ne da iyayen da aka kamo daga ruwayen Masar da Ghana da Kenya da Sanagal. Kifin dawa na Afirka shi ne jarin. Wanda ya gurɓata nasa, wata rana zai sayi irin a hannun wanda ya adana.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Suna cewa wannan ilimin ƙasashen da suka ƙoshi ne: ga masunci na fama da tsadar koma, ga rashin tsaro da ya hana mutane sakewa a yankunan Dutsin-Ma da Kurfi da Safana shekarun nan, ga masu su da gidan sauro da masu zuba guba a ruwa, sai a ce a tsaya ƙirga haƙoran kunnen karfasa? Gaskiya ne cewa hana guba da koma mai ƙananan idanu ba ya jiran wani bincike, a yi shi yau. Gaskiya ne kuma ana iya wuce gona da iri, a yi ta tsaga kifi gida-gida a takarda har doka ta gagara aiki. Amma talauci hujja ce ta a sani, ba ta a bari ba. Kanada ta biya masuntanta diyya da kifi ya ƙare. Masuncin Makera ba wanda zai biya shi. Kuma kuɗin da ake kashewa a zuba 'ya'yan kifi sau guda ya isa a sayi ma'auni da sikeli da littattafan rajista na shekaru.

Ballantana rabin ilimin yana nan a hannun masu sana'ar. Tsohon masunci ya san lungun da karfasa ke haƙa ramin ƙwai, ya san rafin da tarwaɗa ke fara haurawa, ya san kifin da mahaifinsa ke kamawa wanda yanzu ba a gani. Sarautar Sarkin Ruwa ba ado ba ce: a Argungu, hana su a Matan Fada har sai ranar biki tsari ne na tattalin kifin wuri guda, tun kafin a rubuta dokar sun ruwayen cikin ƙasa ta 1992. Kuskuren Niyufanlan shi ne ƙin sauraren masu ƙananan jirage. Babu dalilin maimaita shi a Karaduwa.

Ɗaya rabin kuwa aikin makarantu ne. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen nazarin kifi a kusa da bakin ruwan, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai horar da malaman kimiyya, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa. Gwajin ƙwayoyin gado nasu ne: a kwatanta tarwaɗa da karfasar Zobe da ta Jibiya da ta Goronyo da ta masu ƙyanƙyasa, a san wa ya haɗa jini da wa kafin a ƙara juye ko bokiti guda. Amma gwajin ba ya da amfani in babu rajista mai ɗorewa a bayansa, ita kuwa rajista ɗan aji huɗu na sakandare zai iya riƙe ta.

Ba sai an je bakin dam ba idan hanya ba ta da kyau, kasuwa ta wadatar. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta ta zaɓi rana guda a mako, ta nemi izinin shugaban masu kifi, ta auna tsawon karfasa 30 da tarwaɗa 30, ta rubuta wace karfasa ce cikin ukun nan, daga wane gefen ruwa aka kamo ta, da wane irin kayan su, kuma ko akwai ƙwai a cikin waɗanda aka feɗe. Cikin shekara guda watannin zuba ƙwai za su fito da kansu a jadawali. Cikin shekara uku za a ga ko matsakaicin tsawo na raguwa, wanda shi ne alamar farko ta cewa ana cin iyaye. Inda akwai ƙaramin tafki ko kududdufi kusa da makaranta, a gwada dabarar da Petersen na Danmak ya shahara da ita tun 1896: a kama kifi 200, a ɗan yanke gefen fiffike guda a matsayin shaida, a sake su. Bayan mako guda a kama 300. Idan 15 daga ciki na da shaida, wato ɗaya cikin 20, to kifin tafkin ya kai wajen 200 sau 20, wato 4,000. Guntayen fiffiken da aka yanke kuma kada a zubar: a saka kowanne cikin 'yar kwalba da sinadarin ispirit mai ƙarfi, a rubuta rana da wuri da fensir a takarda a jefa ciki, don tawadar biro tana narkewa, a miƙa wa sashen kifi na jami'a.